Ni Na Sa Wa Injinka Kwaɗo, Yaya Sale

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙane ga babban wansa, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinka. Haruna ne. Na tsufa, Yaya, har na zarce shekarun da ka yi a duniya.

Satin da ya wuce aka gayyace ni wani taro a Funtuwa. Masu wata manhajar kwamfuta ne, wadda kowa ke wallafa rubutunsa da ita kyauta, kowa kuma ke da izinin buɗe cikinta ya gyara. Sun zauna tsara makomarta, ko a bar ta a buɗe, ko a damƙa ta hannun 'yan kwamiti su riƙa tacewa. Aka ce dattijo ya sa baki. Na miƙe, na koma na zauna. Abin da na kasa faɗa musu, kai zan faɗa wa.

Ka tuna ranar da ka shigo Bakori da injin nan a bayan a-kori-kura, ƙarshen shekarun saba'in? Tsohon injin buga takarda ne na juyawa da hannu, wata makaranta ta yar da shi. Wata biyu ka yi kana kwance shi kana ɗaurawa, tawada har gwiwar hannunka. Duk abin da ka gano sai ka rubuta a wani littafi mai jan bango, ka rataye shi da igiya a jikin injin. Kakan ce, “Kada gyaran ya tsaya a kaina ni kaɗai.”

Ɗakin yaƙi da jahilci ka ajiye shi, ƙofar ba ta da ko sakata. Ranar kasuwa mutane su cika. Funke, 'yar Bayarabiyar nan mai sayar da atamfa, wadda aka haifa a Funtuwa ta fi mu Hausa, ita ke buga sitansil, takardar da ake ɗora wa injin, a tafireta. Mai cigiyar akuya ya zo, mai waƙe ya zo, matan aure su aiko da nasu a naɗe. Baba Tanko, Bamagujen nan na Gozaki, bai san baƙi ba, sai ya zauna ya faɗi yadda yake yaƙar ƙuduji a gonar dawa, a buga da sunansa. Ranar da aka karanta masa takardarsa ta farko, sau uku ya sa aka maimaita.

Shi ne kuma ya faɗi maganar irin audugar da aka raba wa manoma a wata damina, wanda ya ƙi tsirowa. Gaskiya ya faɗa, duk mun shuka, duk mun gani. Amma takardar ta kai hannun wani babba, aka kira ni ofis, saboda ni ne mai aikin gwamnati a cikinmu. Tsayuwar awa ɗaya na yi ana yi mini faɗa. Na fito ina tunanin aikina da 'ya'yana biyar.

Ni na kira taro a kan injin, Yaya. Bayan La'asar muka zauna a gindin ɗorawa, mun kai mutum talatin. Kai ka zo da tsarinka a rubuce. A koya wa mutum biyu gyara a kowane ƙauye, a kwafi jan littafin a aika Malumfashi da Mahuta, ko gobe wani ya sami inji ya fara nasa ba sai ya tambaye mu ba. Ni kuwa na ce a sa kwaɗo, a naɗa mutum uku su riƙa duba kowace takarda kafin a buga. Na iya magana ranar nan, na tsorata kowa. Da aka ce masu goyon bayana su ɗaga hannu, kai da Funke da Baba Tanko kaɗai kuka saura.

Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Ka dai dube ni ka ce, “Haruna, ka riƙa sa masa mai, ba ya son zama.” Ka kaɗe rigarka ka tafi.

Wa zai kawo rubutunsa gaban mutum uku su auna? Baba Tanko bai sake tako ɗakin ba. Funke ta ɗauke tafiretarta. Kafin damina biyu injin ya cije, jan littafin kuma gara ta cinye shi a ɗakin da na kulle da hannuna. Kai ka koma gona a Mahuta. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, ka tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ba ka taɓa ambaton inji ba. Sau nawa na sa makullin a aljihu zan kawo maka, kunya ta mayar da ni daga tasha.

Ana cikin girbin masara aka aiko cewa kana kwance. Na ce sai Juma'a in an tashi aiki. Laraba ka cika.

Bayan addu'ar uku matarka, Yaya Hajara, ta miƙo mini wata jakar taki cike da takardu. Ashe tun da na rufe ɗakin, mutane wurinka suke zuwa. Kai kake zama ka kwafa musu da biro, kofi biyar, kofi goma, har yatsunka suka ƙage. Ta ce ta sha ce maka ka je ka karɓi makullin, kayanka ne. Sai ka ce mata, “Bar shi, tsoro ya ji, kuma don 'ya'yansa ya ji shi. Ba zan kunyata ƙanena a gaban jama'a ba.”

Yaya, na riƙe jakar nan a tsakar gidanka na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane baƙi da ka rubuta wa wani ya zame maka lada. Ni kuma Allah ya ba ni ikon haɗa ido da kai ranar da za mu gamu. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Ƙanenka da ya makara,
Haruna