Kwanson Harsashin Ammu Sabri

Laraba da dare, unguwar Ainu Shams

Yau na sha tsoro, na kuma sha dariya. Bayan la'asar na hau saman bene yin shanya, sai na tarar da roba cike da harsasai jiƙe cikin ruwa. Saura wata guda in sabunta iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, kuma in 'yan sanda suka shigo gidan nan, baƙon ɗalibi za su fara kamawa.

Ina tsaye sai ga Ammu Sabri, mai gidanmu, ya hawo yana haki. Da ya ga fuskata ya tuntsire da dariya. "Ma'alish ya ibni, kada ka damu ɗana, kwanso ne kawai, babu albarushi a ciki."

Ashe da ƙuruciyarsa ɗan gasar harbi ne. Ya ce a zamaninsu sai an wanke kwanso tas, an duba ko ya tsage, kafin a sake cika shi. Ya daɗe da barin harbi, amma wankin ya zame masa jiki, ga shi yanzu hannunsa na rawa.

Na zauna muka yi ta gogewa da lemun tsami da tsumma har tagullar ta ɗauki ƙyalli. Na gano masa guda uku masu tsaga, ya dafa kafaɗata yana cewa, "Tamam, idonka idon maharbi ne!"

Ya ce tun rasuwar matarsa ba wanda ya saurari labarinsa har ƙarshe. Shekara biyu ina gaishe shi a matakala, ban taɓa tambayarsa komai ba. Juma'a zan sake hawa, in sha Allah.