Raƙumin Dawan Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Hajiya, ta fara taka ƙafar kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai kewarki, sai kuma wani abu da ya tsaya mini a wuya, wanda ba zan iya faɗa a waya ba don kada Auta ta ji.

Ranar Asabar ƙungiyarmu ta masu motocin daji ta shiga gandun daji. Kin san tsarinmu: motar gaba ke buɗe hanya, ta baya kuwa ita ke ɗaukar igiyar ja da shebur, kuma ba ta wuce kowa sai an kira ta a oba-oba, 'yar rediyon da muke magana da juna tsakanin motoci. To wannan karon ƙanina Injiniya aka ba gaba, wai sabuwar motarsa ta fi tsayi. Ni da na koya masa canza giya, ni aka tura baya.

Wannan duk na shanye. Abin da ya ci mini rai, Auta. Na goge mata kujera, na cika mata gora da ruwan sanyi, sai ga ta tana murza yatsu, wai ko zan bar ta ta shiga motar Baffanta. Na ce ta je mana, har da murmushi. Allah ya sani yaƙe ne kawai.

Kin tuna tun tana firamare da ta ga hoton raƙumin dawa a littafi na yi mata alkawari ni zan nuna mata shi ido da ido. Sau nawa muka shiga dajin nan tare ba mu dace ba?

Wunin nan kaf muryarta nake ji a oba-oba. Ga barewa, ga ɓauna a bakin ruwa, Baffa ya ce kaza, Baffa ya yi kaza, tana ta ƙyalƙyala dariya. Kafin in iso wurin duk sun watse. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Abin da na gani da idona wutsiyar mugun dawa ce tana shiga ciyawa, sai taɓon da tayoyin motar abokinmu Mai Kemis ke watso mini a gilashi, don shi ne a gabana.

Bayan mun haye wani rafi sai ayari ya tsaya a wata ƙaramar hanya mai lanƙwasa, ciyawa ta rufe ko'ina, ba na hango gaba. Sai na ji Injiniya ya sassauta murya yana cewa ga raƙumin dawa. Maman Auta, ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Na san abin da zai biyo baya ihun murnarta ne, a motar wani. Na sa hannu na kashe oba-oban. Mai Kemis ya yi ta fito da hannu ta taga yana kaɗa mini, na kau da kai, don ba na son tsokanarsa.

Tun ranar Auta ta kumbura. Ko labarin ba ta ba ni ba, sai gaisuwa a ciki-ciki. Ta samu mai nuna mata, me za ta yi da tsoho mai tsohuwar mota? Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba, kuma da ɗan uwana ciki ɗaya.

Ki gaida Hajiya da kyau.

Naki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Hajiya fatan samun ƙarfi. Ban jira amsarki ba, saboda abin da na rubuta miki ba haka yake ba.

Jiya Injiniya ya kawo mini shebur ɗina da ya ara, ya same ni ina wankin mota. Ya tambaye ni ko oba-obana ya lalace ne ranar, in ya lalace ya kai a gyara. Na ci gaba da wankina. Shi ne ya ba ni labari.

Ashe yana faɗin sunan dabbar, Auta ta rufe idanunta da tafin hannu. Ta ce ita da babanta za ta gani. Ta karɓe oba-oban a makance ta yi ta kirana in taho gaba. Motoci duka suka raɓe cikin ciyawa suka buɗe mini hanya, abin da Mai Kemis yake ta kaɗa mini hannu a kai ke nan. Ba wanda ya iya saukowa ya kira ni, dokar gandun ta hana fita daga mota a wajen. Raƙumin ya tsaya yana cin ganye hankali kwance, kowa ya more kallo. Injiniya ya ce har roƙonta ya yi ta leƙa ko sau ɗaya, ta ƙi. Sai da ya shige cikin bishiyoyi sannan ta sauke hannunta.

Ni kuwa ina can baya na naɗe hannu ina jin haushi. Kuma kin san halina, ko yanzu haushin bai tafi duka ba, don shi ya ga abin da 'yata ta yi domina, ni sai ji na yi a bakinsa.

Da yamma na same ta a kicin tana wanke kwanuka. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ba ta juyo ba. Na ce wata mai zuwa za mu koma, kujerarta na nan a goge. Ta ɗauraye hannu, ta ce in ba zan ji haushi ba motar Baffa za ta sake shiga, domin a gaba ake gani, kuma wannan karon ba za ta rufe ido ba.

Na ce ta je mana. Ki dawo da wuri, don Allah.

Mijinki,
Baban Auta