Benen da Na Hango Daga Tsakiyar Ruwa

Daren Talata, ƙarshen damina.

Yau na dawo daga Wara da kwandunan bandar kifi. Muna tsakiyar ruwa na lura Baba Manu mai jirgi bai nemi tsohon rimin da ake saiti da shi tun kakanni ba. Na ce, "Baba, tsufa ya ci hanyar ne?" Ya yi nuni da haɓa: "Ɗan nan, yanzu da wancan muke gane gida."

Sabon benen tsakiyar Yelwa ne, gidaje bisa gidaje, rana na dukan gilasansa kamar an kunna shi. Ni da nake ba 'yan kasuwa dariya, ina cewa wa zai hau da ragon layya can sama! Na ga Legas, na ga Abuja, amma ban taɓa ganin garinmu ya miƙe tsaye ba.

Da gobe ne zan sayar da rumfata in koma Ibadan. Muna sauka na kira dillali.

Ya ce, "Alhaji, an shirya?"

"Na fasa. Ka gaishe min da mai sayen."

Allah Ya sa ba gilashi ne ya ruɗe ni ba.