Hoton Farin Wata da Idon Baba

Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya jikin mai ɗakinka?

Na'urar hangen nesan da ka aiko wa Baba ta iso, sai dai murna ta koma ciki. Kai ka ce bakinta ya ninka na tsohuwar na'urarsa faɗi, don haka za ta fi tara haske, hoto ya fito da ƙananan ramukan farin wata. To kowane hoto ya ɗauka dishi-dishi ne. Ya ce faɗi ba ya amfani in madubi ba shi da kyau, an cuce ka. Jiya na same shi da tsumma da sabulu zai goge madubin, da ƙyar na ƙwace. Ya ce in tambaye ka ko za a iya mayar da ita.

Umma tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Kada ka mayar da komai. Shekaranjiya da yamma, wata na fitowa, na bi Baba saman bene. Ya sauka shan magani, na murɗa maɓallin saita hoto da kaina na ɗauka. Yaya, sai da na ja da baya! Ramuka a cikin ramuka, har inuwar duwatsu, tar kamar in taɓa.

Na nuna masa ina tsalle. Ya kai hoton dab da hancinsa, ya daɗe, ya ce, "Kin gani ko? Duk hazo."

Na ɗaga yatsu daga bakin ƙofa na ce ya ƙirga. Ya yi dariya, ya ce in daina wasa. Bai ƙirga ba.

Jiya muka je asibiti. Likitan ido ya ce yanar ido ce ta rufe idanunsa duka biyun, ta daɗe, amma aiki zai cire ta. Da ya tambayi wanda ke kawo shi, Baba ya ce ai shi ke tuƙi. Likitan ya ajiye biro yana kallonmu. Mutumin da ke kai jikokinsa makaranta kullum, Yaya! Muna gida ɗaya ban lura ba.

A bakin asibiti ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin mota, bai dube ni ba. Da muka isa gida na tsaya, sai ya ce, "Kada ki gaya wa yayanki, hankalinsa zai tashi."

Ga shi na gaya maka. Ka zo.

Taka,
Auta