Titin na Tarayya ne, Kabarin na Innata ne

Zuwa ga Injiniyan jiha da ya tsaya a maƙabartarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranka shi daɗe, ban san sunanka ba, shi ya sa na baza wasiƙar ga a fili, ko wani ya kai maka. Ni ne tsohon nan mai jar hula da ya tare motarka yana ta faɗa. Ka yafe mani, ranar nan raina a ɓace yake.

Tun da soja suka koma bariki aka kawo sabon tsarin mulki, kullum rediyo gardama: gwamnoni su ce ikonsu ne, Abuja ta ce nata ne. Ni manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Tambuwal, na ce rigimar manya ce, ina ruwana. Ashe har kabarin mahaifiyata za ta iso.

Kwalbatin babban titi ya toshe, ruwan damina ya juya ya bi ta maƙabartarmu. Bara ya zaizaye kaburbura, har itatuwan kabarin Inna Kulu suka fito fili. Da hannuna na mayar da ƙasa ina kuka, ni da furfurata. Kawuna, ƙanenta, ya hawo babur tun daga Fakku ta ƙasar Kebbe, ya dube ni ya ce ashe haka na riƙe amanar 'yar'uwarsa. Wallahi har yau maganar ga na ci mani rai.

Muka je ƙaramar hukuma, aka ce jiha. Jiha ta ce titin na tarayya ne, tsarin mulki bai ba ta ikon taɓa ko tsakuwa ba. Su kuwa na tarayya sai ka ce aljannu, kowa na faɗinsu, ba mai ganinsu. Haba jama'a!

Na farko dai godiya nika yi. Kai ne ka sauko daga mota, ka tuɓe takalmi, ka yi wa mamata sallama kafin ka yi mana magana. Ba ka yi mana ƙarya ba, ka ce kwalbatin ya fi ƙarfinka. Amma ka ce titin kaɗai ne na tarayya. Ruwan da ya sauka daga gefensa ya shigo gari, ba inda aka rubuta na Abuja ne. Ka turo katafila ta fara haƙa magudana don ta kai ruwan fadama. Duk wanda ke da mamaci a wurin nan ya sa maka albarka. Na gode, na gode, Allah shi saka.

Na biyu, kuka. Aiki ya tsaya a tsakiya. Mun ji wai an tuhume ka da shiga hurumin tarayya, katafila ta tafi. To magudanar ta ƙare daidai kusurwar gabas, inda Inna take kwance. Da can ruwan a warwatse yake zuwa, yanzu an tattara mata shi wuri guda. Na jera buhunan yashi, amma ni ma na san yaudarar kaina nika yi.

Ga roƙona. In katafila ba ta iya dawowa, ka zo ka shata mana layi da ƙafarka, ka nuna mana inda tarayya ta ƙare. Muna da shebur da diga, mu ƙarasa da hannu. Tsoronmu kada mu sari ƙasar Abuja a ce mun yi laifi. In kuma an kira ka kan tuhumar nan, ka aiko, duk ƙauyenmu shaida ne. Su manya su yi ta ja har su daidaita, ba mu hana ba, amma ruwa ba ya jiran su gama.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma Kawu ya aiko cewa da an yi ruwan fari zai zo ziyara. So nika in kai shi gaban kabarin nan ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Allah shi ƙara maka girma, shi fisshe ka daga wannan tuhuma, shi jiƙan naka iyaye, shi tsare makwancinsu yadda ka so tsare na Innata.

Wassalam.

Naka,
Garba ɗan Inna Kulu