Yaya Bello, Ban Sa Nana a Jami'a Ba

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Bello na Jiga Makera,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ne don maganar ta cika mini ciki, kuma duk gidanmu kai kaɗai ne kake barin mutum ya kai ƙarshen zance kafin ka yanke masa hukunci.

Maganar ɗiyarka Nana ce. Yau shekara biyu da rasuwarka, Nana tana gida, ba ta jami'a. Gara ka ji daga bakina: da hannuna a ciki.

Ka bar ta tana aji ɗaya a waccan jami'a mai nisa, tana karatun harhaɗa magunguna, saura mako uku ta fara jarrabawar zango na biyu. Ta zo zaman makoki. Ranar sadakar bakwai Baffa Mande ya tara mu a tsakar gida, ya ce marainiya ba ta zama uwa duniya, ga mahaifiyarta Luba cikin takaba. Ya ce tunda ga jami'a nan kusa, ga kuma ni Dije ina ofishin ɗaukar ɗalibai, a maido yarinya gida kawai. A wurinsa abin kamar ɗauke yaro ne daga wajen wannan malami, a riƙe hannunsa a kai shi wajen wancan.

Yaya, na san ba haka ba ne. Aikina ke nan kullum. Amma ka san gidanmu: ƙaramar mace ba ta tanka wa Baffa, balle a zaman makoki, ga baƙi daga Alelu da Maiyama cike da gida. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Na ce a raina gobe zan ja Luba gefe. Gobe ta yi, na iske ta rungume da Nana tana kuka, na juya. Na koma Jega. Kafin in sake leƙowa an tura mota an kwaso kayan yarinya, jarrabawa ta wuce.

Bari in gaya maka ƙa'idar, tunda kai mai son a yi maka bayani dalla-dalla ne. Mai neman taransifa, wato sauya jami'a, sai ya gama shekara guda cur, da sakamakon zango biyu, makinsa ya kai inda aka tsayar. Tsohuwar makarantarsa ce za ta aiko da takardar sakamakon a rufe, ba shi zai riƙo ta a hannu ba. Nana zango ɗaya gare ta. Makin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, amma rabi ne. Sakamakon jarrabawar shiga jami'a kuma shekara ɗaya yake aiki, nata ya mutu. Da an rubuta 'yar takarda ta neman ɗage karatu saboda rasuwa, da gurbinta yana nan. Ba wanda ya san da wannan sai ni. Kafin kwamitinmu na ɗaukar ɗalibai ya zauna, can tsohuwar jami'arta sun ga zango biyu ba ta yi rajista ba, suka cire sunanta.

Wani abokin aiki ya tausaya mini. Ya ce a sa fayil ɗinta cikin waɗanda aka amince da su, a rubuta cewa ana jiran sauran sakamako, wa zai bi? Na kwana uku ina juya maganar. Ba zan yi maka ƙaryar cewa tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Na taɓa ganin wata da aka shigar ta wannan hanya. Sai da ta kai ajin ƙarshe aka sake tantance takardu, ta fita daga ofishinmu da shekara huɗu a banza. Na kuma dubi tarin fayilolin da ke gabana. Kujerun sashen ƙididdigaggu ne. In na ba Nana ɗaya, na ƙwace ta ne daga wata da ta cika sharaɗi, wata ɗiyar manomi daga Sarandosa wadda ba ta da gwaggo a ofis.

Na ce a'a. Baffa ya aiko mini da saƙo: “To mine ne amfanin kujerar taki?” Luba ta daina ɗaukar wayata wata huɗu. Buhun albasar da ake kawo mini duk kaka tun kana raye, bana ban gan shi ba. Kada ka yi dariya, ya yi mini ciwo.

Na yi ta tunaninka a kan wannan. Kai ne mutumin da in za ka zuba albasa a rudu don ajiya sai ka taɓa kowace ɗaya da hannu, mai ɗan tabo ka ware ta ko da ta fi kowace girma. Muna yi maka tsiya, kana cewa ba ƙinta kake yi ba, tsoron kada ta ɓata sauran kake ji. Don haka ina zaton za ka gane ni. Sai dai Nana ba ta da tabo, Yaya. Mu muka cire ta kafin ta nuna. Ƙa'idar ba ta da gurbin da ake rubuta cewa uban yarinya ya rasu, kuma har yanzu ban san ko ya kamata a yi mata wannan gurbi ba. In aka buɗe shi, na san irin waɗanda za su fara shigewa, ba marayu ba ne.

Abin da na tabbatar shi ne, laifin bai taso daga ranar da na ce a'a ba. Ya taso ne daga ranar da na yi shiru. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, don gidaje irin namu suna da yawa.

Bara Nana ta ƙi sake zama jarrabawar shiga jami'a, ta ce ta gama da boko. Bana da kanta ta zo Jega ta yi rajista. Tana gidana wata biyu ke nan, tana bitar littattafan da ta wuce tuntuni, tare da ƙannen bayanta. Tana gaishe ni, tana yi mini shara, amma hirar da muke yi da can babu ita. Asabar mai zuwa za ta zauna.

Jiya tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce: “Gwaggo, in fayil ɗina ya iso teburinku, ki tashi ki fita. In na samu, ina son in san ni na samu.”

Yau da safe na kai wa shugaban kwamiti takarda cewa ba zan zauna ba ranar da za a duba sashensu. Ke nan in makinta ya gaza ko da da ɗaya ne, ba ni da bakin magana, kuma ita ta zaɓi haka. Ina jin tsoro, Yaya. Amma rabon da in ji muryarka a bakin wani tun ranar da aka fita da kai, sai jiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Allah Ya buɗa wa Nana ƙirjinta ranar Asabar, Ya ba ta da guminta. Ni kuma ka yafe mini shirun nan.

Ƙanwarka,
Dije