Jirgin da Baba Maitama Ya Zaɓa

Amurka, 3 ga Maris, 1988

Baba Maitama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da duk mutanen Dayi. Sekinat ce, 'yar abokinka Alhaji Raufu na Funtua. Karatu lafiya lau.

Baba, na ga abin mamaki! A makarantarmu akwai kwamfuta da aka haɗa da wayar tarho, ana wasan yaƙin jiragen sama a cikinta. Kana zaune a nan kana fafatawa da wani yana can wani gari! Kowa zai zaɓi jirginsa. Ni na ɗauki wanda ya fi kowanne gudu da manyan bindigogi, amma da na juya sai ya kife da ni. Sau goma sha ɗaya ina faɗuwa ba wanda ya harbe ni. Mazan ajinmu har jira suke in zauna su sha dariya.

Kai da ka shekara ashirin kana gyaran jiragen soja a Kaduna, wanne zan ɗauka? Ga hotunansu na zana maka.

'Yarka,
Sekinat

Dayi, 9 ga Afrilu, 1988

'Yata Sekinat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina sharar gonar auduga, kuma a bakin gonar na karanta ta har sau uku.

Zaɓinki na masu gaggawa ne. Jirgi mai nauyi da gajeren fiffike ba ya yafe kuskure. Ɗauki na huɗu a zanenki, ƙaramin nan mai faɗin fiffike. Ba shi da gudu, amma yana juyawa cikin sauƙi. Ki yi mako guda kina tashi da sauka kawai, kada ki harbi kowa. Bayan nan ki riƙa hawa sama da abokan karawarki, kina duba bayanki kullum. Mazan ajinku kuwa su yi ta dariyarsu.

Inna ta ce wai yaƙin me kike yi a ƙasar mutane.

Allah ya yi miki albarka.
Maitama

Amurka, 20 ga Mayu, 1988

Baba!

Gaisuwa mai yawa. Na kakkaɓo uku a zama ɗaya! Ɗaya ya biyo ni da gudu, na juya, ya wuce ni fuu, sai ga shi a gabana. Ba wanda ya ƙara yi mini dariya.

Ashe mai tuƙa na ukun wata dattijuwa ce mai koyar da tuƙin jirgi na gaske a garin da ke kusa da mu. Ta rubuto ta tambayi wa ya koya mini. Na ce babana na Dayi. Ta ce in zo ta ɗaga ni sama, in ta ga hannuna ta koya mini.

Baba, ina so ƙwarai. Amma ba zan hau ba sai da yardar Alhaji, kuma ka san shi, ko babur bai taɓa bari na hau ba. Don Allah ka je masa.

'Yarka,
Sekinat

Dayi, 27 ga Yuni, 1988

'Yata,

Bayan gaisuwa. Na je Funtua, na sami Alhaji a shagonsa na taya, na karanta masa takardarki. Ya ci gaba da jera tayoyinsa har aka kira la'asar. Da muka fito masallaci ya ce, "Maitama, shi jirgin nan yana da taya?" Na ce uku.

Ya ce in gaya miki ki duba su da kanki, ɗaya bayan ɗaya, kafin ki hau.

Allah ya tsare.
Maitama